Amaren Kawu Ila a Cikin Duro

Tun da na dawo daga ƙasar Benin ban huta ba. A ofis tambaya, a majalisarmu ta Limawa tambaya, har mai shayin bakin layi sai da ya riƙe mini kofi ya ce sai na faɗa masa ko gaskiya ne na yi kuka saboda kifi. Zufa ce ya ji labarinta, ba hawaye ba. Amma tunda kowa ya ƙera nasa, gara in ba da nawa sau ɗaya in huta.

Kawu Ila ƙanen mahaifiyata ne, yana ƙauyenmu can bayan Garki. Dillalin awaki ne tun ina yaro, ya san akuya kamar yunwar cikinsa. Da gwiwoyinsa suka fara gardama, bin kasuwanni ya gagara, sai ya ce kifi zai kiwata: ya samo iyayen karfasa su hayayyafa, shi kuma ya zauna a inuwa yana sayar da 'ya'ya. Ya roƙi yayansa Malam Babba, wanda shi ne babban gida, ya ba shi wani yanki na fadamar gado. Malam Babba ya ba shi, amma da sharaɗi a gaban 'yan'uwa: in ruwan shuka ya sauka ba a haifi ɗan kifi ko ɗaya a wurin ba, za a cike ramin a shuka shinkafa. Kawu ya haƙa, ya daɓe, ya sa injin ban-ruwa ya cika shi. Mutanen gari suka sa wa wurin suna bahon Ila, kuma a gabansa suke faɗa.

Wani direba ne a kasuwar Maigatari ya ba shi labarin wata mata a Malanbil ta ƙasar Benin, a bakin kogin Kwara, wadda karfasarta ke kai faɗin faranti. Bazara ta riga ta yi nisa lokacin da ya zo gidana a Dutse ya ce in shirya.

"Kawu, me ya sa ni?"

"Ai ka yi boko, ka ji Turanci."

"Can Faransanci suke yi."

"Turanci ai Turanci ne, Nasiru. Ɗauko jakarka."

Na ɗauki hutu a ofis, wanda ba wanda ya lura, muka kama hanya.

Daga Dutse zuwa Kano ba abin faɗa, sai dai Kawu ya sayar wa mutumin da ke kusa da shi 'ya'yan kifin da ko iyayensu bai gani ba. A Kano muka shiga motar Sakkwato. Har Funtuwa motar cike take da musun siyasa, kowa ya fi gwamnati sanin yadda ake mulki. Muna wuce Funtuwa sai kowa ya zama malami. Wani saurayi da ya ishe mu da waƙa a waya ya kashe ta ya zaro carbi, direba ya taka mota, ba a sake jin komai ba sai salati, har muka shiga Gusau. Muna shiga aka ci gaba da musun daga inda aka tsaya.

Mun kwana a Birnin Kabi a wani masauki na bayan tasha, inda fanka ke juyawa don a gan ta kawai. Washegari muka yi Kamba, daga nan zuwa bakin kogi. Ni ɗan Jigawa ne, babban ruwan da na saba da shi a damina yake zuwa ya tafi. Da na ga Kwara na ga kwale-kwalen da za mu shiga, an loda masa babura da buhuna da wata saniya ɗaure, sai na ji duk zunubaina sun dawo mini sabbi. Kawu kuwa ya zauna kusa da saniyar yana duba haƙoranta, ya gaya wa mai ita an cuce shi.

A shingen iyaka na gyara murya, na yi wa jandarman gaisuwar Faransanci guda ɗaya da na haddace a mota. Ya dube ni ya ce, "Lafiya lau, malam, ina gajiya? Ina katin rigakafinku?" Hausarsa ta fi tawa gishiri. Na miƙa nawa. Kawu ba shi da kati, sai ya naɗe hannun riga ya nuna masa tabon lamba da aka yi masa tun zamanin En'e. Jandarman ya yi dariya har ya kira abokin aikinsa ya gani, sannan ya nuna mana wata rumfa inda aka yi wa Kawu allura sabuwa. Daga nan har muka dawo ba wanda ya buƙaci bokona ko sau ɗaya, kuma Kawu bai bar ni na manta ba.

A zangon Malanbil muka sauka, gidan wani mai sayar da albasa, a ɗaki ɗaya da buhunan. Har yau in na buɗe jakar tafiyar sai idona ya yi ruwa. Da safe aka kawo mana burodinsu, dogo ne mai tauri, Kawu ya juya shi ya ce a garinmu da irin wannan ake kora jaki. Sai ka tsoma shi a kwanon kofi da madara ya yi laushi kafin haƙori ya shiga. Amma shinkafarsu da kifi, da kwaɗon zogalensu mai albasa da yaji, ba zan yi musu ƙarya ba, na ci har na ji kunya. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne rana na take tsaka sai gari ya kulle. Ofis, kanti, kowa ya tafi barci sai wajen la'asar, kuma a rubuce yake a ƙofa. Mu ma a Dutse muna barcin nan, sai dai mu ba mu da ƙarfin halin rubutawa.

Matar da muka zo wurinta sunanta Madam Bibata. A kan babur ta iso, ita ke tuƙi, wani ƙato a bayanta riƙe da bokiti. Kawu ya kau da kai ya ce a'uzubillahi a hankali, amma da ya ga kududdufanta jere a bakin kogi, cike da karfasa, sai ya koma kiranta Hajiya.

Ta riga ta san da zuwanmu, don direban nan na Maigatari ya yi mata waya. Ta kai mu wurin wasu kwatamai biyu na siminti. A ɗaya maza ne, manya. A ɗayan mata, 'yan sirara, cikinsu a lafe.

"Ga naka, Baba," in ji ta. "Na raba su, na hana musu abinci kwana biyu. Haka za su tafi."

Kawu ya leƙa kwatamin matan, ya ɗago, ya dube ni kamar an zage shi.

"Hajiya, waɗannan ai ramammu ne. Ni a kasuwa aka haife ni. Wa ke baro gida ya ƙetare kogi ya sayi ramammiyar akuya?"

Bai jira amsa ba, ya taka zuwa wani kududdufi na gefe inda ma'aikatanta ke jan raga. Matan da ke ciki ƙosassu ne, ciki ya cika da ƙwai. Wasu kuma ƙasan haɓarsu ya kumbura, bakinsu a rufe gam. Ya tambaya mene ne wannan. Madam ta ce haka karfasa take: in ta zuba ƙwai namiji ya bi ta kansu, sai ta kwashe su a baki ta riƙe, ba ci ba sha, har su ƙyanƙyashe su yi wayo.

Na ga idon Kawu ya yi haske irin na ranar kasuwa. "Wato uwa da 'ya'yanta a tafi ɗaya," ya ce. "Nasiru, ka ji? Waɗannan ai sun riga sun cika sharaɗin Yaya Malam. Ranar da muka sauke su, ranar zan kira shi ya ƙirga jikoki."

"Baba, kifi ba akuya ba ne," in ji Madam. "Iskar da yake shaƙa cikin ruwa take, kuma a duro kaɗan ce, ga zafi. Mai ƙwai a ciki ta fi kowa jan iska, don ba ita kaɗai take ciyarwa ba. Mai ƙwai a baki kuwa, da mi za ta ja ruwan? Bakin a cike yake. In iska ta rage, su ne na farko. Ramammun nan su za su kai ka gida. Ka sake su da mazan, wata guda za ka ga 'ya'ya."

"Wata guda? Hajiya, hadari ya fara haɗuwa a garinmu."

Gaskiyarsa ke nan, kuma shi ya sa ban sa baki ba. Suka yi ta ja, ita tana faɗa da hannu, shi yana murmushin dillalai, wanda ke nufin na gane kina ɓoye mai kyau ne. A ƙarshe ta ɗaga kafaɗa ta ce kifinsa ne. Aka zaɓo masa masu ciki da masu kumburin haɓa. Wasu sun tofar da ƙwan a raga, wasu suka riƙe. Ta sa aka zuba maza a duro ɗaya, mata a ɗaya, ta haɗa mana da wani ɗan famfo mai aiki da batir, mai tiyo biyu da ke tayar da kumfa a ruwa. Ta kama hannun rigata, ba ta Kawu ba, ta ce, "Ɗana, abu uku. Kar kumfar nan ta tsaya. Kar a ba su abinci. Kar a haɗa su."

Kafin kwale-kwalenmu ya kai gaɓar Najeriya Kawu ya karya biyu.

Ina can ina riƙe da gefen jirgi ina karanta duk abin da na iya, na juyo na tarar ya sa ƙwarya yana musayar kifi tsakanin durorin, rabin maza nan, rabin mata can.

"Kawu, ta ce kar a haɗa su."

"A ina ka taɓa jin mace ta yi tafiyar kwana biyu ba muharrami? Kuma waɗanda ba su zuba ƙwai ba, su fara sabawa da mazan tun a hanya. Ba mu da lokacin zance da kai lefe."

Sannan ya ciro ƙuli-ƙuli daga aljihu ya murtsuke ya barbaɗa musu. Ya ce shi a gidansu ba a sallamar baƙo ba guzuri, balle amare, balle masu juna biyu. Na yi dariya har mai jirgi ya ce in zauna daidai. Dariyar nan tana cikin abubuwan da nake tunawa yanzu ba daɗi.

A gaɓa muka yi shatar wata tsohuwar a-kori-kura. Direban, Ɗanjuma, ya maƙala wayar famfon a batirin motarsa, muka ɗaure durorin a baya, ni da Kawu muka zauna kusa da su. Ba mu kai Birnin Kabi ba biki ya kankama. Mazan nan da suka kwana biyu da yunwa suna zaman lafiya da juna, suna ganin mata sai suka canza launi, wuyansu ya yi ja. Wannan ya bi wancan, wancan ya cije wannan, kowa yana neman ya share wa kansa fili a gindin duron da ko juyawa ba a yi sosai. Ruwa na fantsamo mana a fuska. Matan suna can gefe an matse su. Ɗanjuma ya leƙo ta taga ya ce shi dai ba a gaya masa ɗaukar amarya zai yi ba, da ya ƙara kuɗin mota. Kawu sai murna yake, wai alamar lafiya ce. Ruwan kuwa ya fara duhu da kashinsu da ragowar ƙuli, har wari ya fara tashi.

Mun kwana a Sakkwato, muka sauya rabin ruwan da asuba, duk suna raye. Kawu ya ce in na koma in buga wa Hajiya waya in gaya mata kifi ma akuya ne.

Bayan mun baro Sakkwato, kafin Talatar Mafara, rana ta take, mota ta yi tari biyu ta mutu. Ɗanjuma ya buɗe gaba ya daɗe yana kallo, sannan ya ce tun safe ba ta caji, famfonmu da fitilunsa sun shanye batir. Ya kwance batirin, ya tare ɗan acaɓa, ya ce yanzu zai dawo. Kowa ya san yanzun direba.

Kumfa ta tsaya. Ba gida kusa, ba rijiya, sai wata bishiyar aduwa da inuwarta ba ta kai ta rufe tabarma ba. Muka tura motar ƙarƙashinta. Tun ban ga komai ba har na ga kifin sun fara tasowa sama ɗaya bayan ɗaya, sun jera baki a fuskar ruwa suna buɗewa suna rufewa. Mazan da suke ta jarumtaka ɗazu duk sun manta da mata, jan wuyan ya koɗe, kowa ta kansa yake. Na ce a raina, lallai mu maza ko a ruwa halinmu ɗaya.

Muka shiga ɗiban ruwa da ƙwarya muna kwararowa daga sama don iska ta shiga. Na tare wata motar fasinja na saye duk ruwan ledar da wata mata ke tafe da shi. Mutanen motar suka sauko kallo, kowa da shawararsa, wani ya ce a sa gishiri, wani ya ce a yanka su tun suna da rai a huta. Kawu bai ko dube su ba. Ya cire tiyon daga famfo ya sa a baki yana hurawa. Tsoho mai shekara sittin da wani abu, kumatu a kumbure, jijiyar wuya a tashe, yana hura wa kifi iska a gefen titi. Ya hura har jiri ya kwashe shi ya zauna daɓas a bayan mota. Na karɓa na hura nawa, ya farfaɗo ya ƙwace.

Yadda Madam ta faɗa haka aka yi, kamar tana kiran suna. Masu cikin nan ƙosassu, waɗanda ya fi alfahari da su, su suka fara kifewa, farin cikinsu a sama. Masu ƙwai a baki kuma suka rabu biyu. Wasu suka tofar, ƙwai ya watsu a ruwa kamar gero, su kuma suka samu bakin numfashi. Mazan da nake zaton sun kusa mutuwa sai ga su sun bi ƙwan suna haɗiyewa. Kawu ya zage su zagin da ban taɓa jin ya yi wa ɗan Adam ba.

Wasu kuwa suka ƙi tofarwa. Akwai wata babba da ya sa wa ido tun daga Malanbil. Tana sama tana tangaɗi, marfin kunnenta na bugawa da sauri, baki a rufe. Ya sa hannu biyu ya tallabe ta a cikin ruwan yana yi mata magana.

"Tofar mana, baiwar Allah. Tofar ki sha iska. Na yafe 'ya'yan."

Ba ta tofar ba. Da ta daina motsi ya ɗago ta ya buɗe bakin da babban yatsa. A ciki 'ya'ya ne har sun yi idanu, cunkus, ba mai motsi. Ya daɗe yana kallo. Masu ba da shawara suka koma motarsu. Ni kuma a nan ne zufar da ake magana ta zubo mini, kuma ban taɓa jin tausayin Kawu irin na lokacin ba.

Ɗanjuma ya dawo bayan la'asar da batirin aro. Kumfa ta dawo, amma matan da suka rage sun riga sun jigata. Muna tafe muna tsamo su ɗaya ɗaya, a Gusau, a Funtuwa. Ta ƙarshe ta kai har Gezawa, Kawu na ta lallashinta da cewa an kusa, sannan ita ma ta juya. Mazan kuwa, in ban da biyu ko uku, ras suka iso, har sun fara neman faɗa kuma.

Da muka shiga gari yara da manya suka biyo mota har fadama. Muka juye durorin a bahon Ila, kifi suka bazu, manya masu kyau, har wasu suka fara cewa ashe dai mutumin nan da gaskiyarsa. Malam Babba ya iso da sandarsa, ya tsaya a baki ya duba.

"Ila, sannunku da hanya. Wanne ne matan a ciki?"

Da Kawu ya so, da ya nuna kowanne, don ba mai iya bambancewa a garin. Na ga dillalin cikinsa ya motsa, sannan ya kwanta.

"Babu mace ko ɗaya, Yaya Malam. Na zaɓo masu ciki, suka mutu a hanya."

Kafin magariba sunan wurin ya tashi daga bahon Ila ya koma gidan gwauraye. An je neman ƙiba an samo rama, in ji masu shayi. Kawu ya yi ta aike Haɗeja ko za a samo masa mata ko na kogi ne, amma kafin masunta su waiwaye shi ruwa ya sauka, mai yawa, irin wanda ba a musun na shuka ne. Malam Babba ba mugu ba ne, amma a gaban mutane ya yi magana, kuma gidan na da bakuna da yawa da ke jiran shinkafar nan. Ya sa rana. Na zo daga Dutse don kar Kawu ya tsaya shi kaɗai.

Aka fasa bakin ramin ruwa ya tsiyaye, aka kwashe gwaurayen a kwanduna za a raba gida gida. Da laka ta bayyana sai muka ga gindin ramin duk ramuka ne zagayayyu, kowanne kamar an kifa akushi an ɗauke, an share shi tas ba ko tsinke. Wani ya tambaya mene ne wannan. Na ce Madam ta nuna mana irinsu a can: ɗakin da namiji ke haƙawa da baki ne, ya share, ya tsaya a kai yana jiran mace ta zo ta zuba ƙwai. Aka fashe da dariya, har da masu cewa ko kifi ya san a yi ɗaki kafin a nemi aure.

Kawu bai yi dariya ba. Ya tattare wandonsa ya gangara cikin lakar da gwiwoyin nan nasa, ya tsaya a tsakiyar ramukan yana dubawa.

"Kullum sai sun share," ya ce. "Ina zaune a nan ina kallonsu. Ba wanda ya gaya musu matan sun mutu tun a hanyar Mafara."

Masu cikon suna tsaye da shebur, sun kasa farawa yana ciki. Malam Babba ya ce, "Ila, fito haka nan." Kawu ya miƙa hannu aka ba shi shebur ɗaya. Ya ce shi ya haƙa, shi ya ɗauko su, ba wanda zai rufe musu ɗaki sai shi. Ya ɗebi ƙasa ya fara da wanda ya fi kowanne tsafta.